Baƙin bunun da ya tsayar mana da aiki

Har yanzu idan na tuna da kuɗin da tsohon gidanmu na Devon ya ci, sai na ji raina ya ɓaci, sai kuma na ji wani alfahari ya biyo baya. Gida ne na laka a kudu maso yammacin Ingila, katangarsa kauri kamar ganuwa, babu lungun da ya miƙe. Ƙofa ɗaya sai ka sunkuya, tagogin sama kuma sun leƙo daga cikin jinka. Akwai ma taga guda da aka toshe, maƙwabta suna cewa harajin taga ne na 1696 zuwa 1851, wanda ake biya gwargwadon yawan tagogin gida, ya jawo. Kowace toshashshiyar taga a ƙasar nan wannan labarin ake liƙa mata.

Shirinmu mai sauƙi ne: a yaye rufin gaba ɗaya, a baibaye da karan fadama, wanda ya fi karan alkama daɗewa. Har mun yi ciniki. Mai baibaya ya hau, ya fara cire bunu, can ya sauko ya ce in zo in duba daga ciki. Shimfiɗar ƙarshe, wadda ke kwance a kan itacen rufin, baƙa ce wuluk da kunkunniya, har da katakon.

Ni na ɗauka gobara ce ta taɓa yi. Ashe tarihin gidan ne kwance a wurin. Lokacin da aka gina shi babu bene, babu bututun hayaƙi. Zaure ne guda buɗe har sama, ana hura wuta a tsakar ƙasa, hayaƙi ya tashi ya ratsa ciyawa ya fita. Sai a ƙarni na 16 da na 17 masu irin waɗannan gidaje suka riƙa gina bututu suna shimfiɗa bene, shi ya sa namu bututun yake kamar an cusa shi da ƙarfi, matakalar kuma take a karkace. Baƙin bunun ya girmi dukkansu. Abin da ya ajiye shi kuwa al'adar masu baibaya ce a Devon: saman da ya ruɓe kawai suke kankarewa su ɗora sabo, na ƙasa ba sa taɓa shi.

Nan aiki ya tsaya cak. Gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi, kuma a ƙarƙashin dokar kare gine-ginen tarihi ta 1990, sauya irin wannan gini ba tare da izini ba laifi ne. Jami'ar kula da kayan tarihi ta ƙaramar hukuma ta zo da tocila, ta yi ta murna, ni kuwa ina lissafin hayar ƙarafunan hawa da ke ta gudu ana ruwa a kan tamfal. Hukunci: bunun ƙasa ya zauna, sama kuma karan alkama tsefaffe, a kafe shi da tsinken itace kamar yadda aka saba. Karan fadaman da muka yi oda ya tashi a banza.

Duk mai son sayen irin wannan gida, kafin ya yi cinikin ko dami ɗaya, ya shiga ƙarƙashin rufi da fitila. Idan ya ga baƙi, ya nemi izini tukuna, sannan ya kira mai baibaya. Ya kuma ware kuɗin ƙoƙuwar jinka, don ita duk shekara 10 zuwa 15 sai an sake ta. Kada kuma ya yarda a shafa wa katangar laka siminti, yana kulle danshi ne har ginin ya zube, farar ƙasa ake sa mata.

Baƙi idan sun zo yanzu, ɗakin sama nake fara kai su su ga kunkunniyar. Takardar kuɗin karan fadaman kuwa tana nan a aljihun tebur, ban samu wanda zai saye shi da rabin farashi ba.