Ranar da G ya ƙi tsayawa wuri ɗaya

Talata, da dare.

Yinin yau duk ya tafi ne a kan lissafi guda: yawan kuzarin da ke kwarara zuwa bakin tsaga a jikin ƙarfe duk sa'ad da ta ƙara tsawo, abin da muke kira G. Muddin tsagar a tsaye take, babu wata wahala. Tun 1957 masani Irwin ya nuna yadda ake fitar da G daga K, wato ma'aunin tsananin ƙarfin da ke taruwa a bakin tsaga, kuma lissafin J, wata hanyar auna wannan kuzari da masani Rice ya kawo a 1968, amsa ɗaya yake bayarwa ko ta wane da'ira ka zagaya bakin tsagar. Da zarar ta fara gudu, sai labari ya sha bamban.

Abin da na ɗora wa kwamfuta shi ne farantin ƙarfe mai kauri, an yanka shi raga-raga, kowane gida milimita 0.5, tsagar tana gudun mita 1500 a sakan. Na zana da'ira uku a bakinta, kowacce ta ba ni nata G ɗin, kuma tazarar ta fi girma a da'irar waje. Dalilin a fili yake: tsarin J na tsagar da ke tsaye ne na bari a cikin lissafin. Tsaga mai gudu tana girgiza ƙarfen da ke kewaye da ita, don haka dole a haɗa kuzarin motsi da kuzarin miƙewa, sannan a ƙara wani kaso da ake tarawa a kan duk filin da ke cikin da'irar, wanda ya ƙunshi nauyin ƙarfen da hanzarin kowane kulli, wato mahaɗar layukan ragar. Da na saka su, amsoshin uku suka matso kusa da juna.

Sai kuma tsalle-tsallen da G ke yi. Igiyar matsi, wato girgizar da ke ratsa cikin ƙarfe, tana gudun kusan mita 5900 a sakan, saboda haka takun lokaci, wato tazarar da kwamfuta ke matsawa gaba a kowane lissafi, ba zai wuce maikirosakan 0.085 ba (maikirosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan), in ba haka ba lissafin ya watse. Tsagar kuwa tana ƙetare gida ɗaya cikin maikirosakan 0.33, wato taku huɗu kacal. Idan aka saki kullin bakin tsaga lokaci guda, kamar an tsinke igiya ne, girgizar ƙarya ta bazu ta gurɓata hanzarin da ake aunawa. Ƙanƙanta gidajen ragar ba ya maganin wannan, domin takun ma raguwa yake daidai da gidan, huɗun nan tana nan. Na rage takun zuwa kashi ɗaya cikin biyar, na samu kusan taku 20 a gida, na kuma riƙa sassauta ƙarfin da ke riƙe da kullin a hankali har ya kai sifili. Ban yarda da tace sakamakon don ya yi santsi ba, tacewa kan ɓoye kuskuren ne kawai.

Da yamma na gwada da kiyasin masani Freund: G na tsaga mai gudu ya kusan zama G na tsaye sau abin da ya rage idan ka cire rabon gudunta da gudun igiyar Rayleigh daga ɗaya. A ƙarfe igiyar Rayleigh, wato girgizar da ke bin saman jiki, tana kusan mita 3000 a sakan, don haka rabi nake nema, kuma kusa da rabin na samu. Amma kiyasin na jiki ne marar iyaka. Gefen farantina milimita 50 ne daga tsagar, igiyar za ta je ta dawo cikin maikirosakan 17, daga nan kwatancin ba shi da amfani.

Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne lissafin shiga da fita: aikin da aka yi wa farantin daga waje, a cire kuzarin miƙewa da na motsi, ragowar dole ta yi daidai da G sau faɗin filin sabuwar tsagar. Gobe zan bi wannan taku bayan taku, musamman bayan igiyar ta dawo.