Na kai samfurin aya Valencia, na iske gari ya ajiye aiki

Duk ɗan kasuwar da ke shirin kai samfurin aya Valencia ta ƙasar Sifaniya, ya duba kalanda kafin ya biya kuɗin jirgi. In tafiyar ta faɗa tsakanin 1 da 19 ga Maris, ya ɗaga ta. Ni ba wanda ya gaya mini haka, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Ayar da muke tarawa a kasuwannin Maradi, irin su Cadawa, wani kaso nata can take ƙarewa. Mutanen Valencia suna da abin sha da suke ji da shi, horchata, wato kunun aya: a jiƙa, a niƙa, a tace, a sa sukari, a sha da sanyi. Suna noma tasu a gonakin arewacin birnin, musamman Alboraya, amma ba ta isarsu, shi ya sa suke sayen ta Afirka ta Yamma. Dillalin da ya haɗa ni da wani kamfani a can ya rubuto cewa in zo tsakiyar Maris. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, alhali ya daɗe a ƙasar, ya san sarai abin da ake yi a garin a wannan lokaci.

Bikin Fallas ake yi, babban bikin shekara-shekara na birnin, wanda ake kafa mutum-mutumi a tituna sannan a ƙone su. Kwatankwacin a ce maka ka je Kantin Kwari neman mai shago ranar Hawan Daushe.

Tun daga masauki na fara ji a jikina. Ɗakin da dillalin ya ce zan samu da araha, kuɗinsa ya ninka, kuma da ƙyar aka samu. Mai tasi ya sauke ni nesa da wurin, ya nuna mini shingen ƙarfe da hannu: an rufe titunan tsakiyar gari. Haka na ja akwati da jakar samfur cikin cunkoso, yara na jefa ƙananan abin fashewa a ƙafafun mutane, iyayensu na kallo suna dariya. Na kira ofishin kamfanin, shiru. Na sake kira, shiru. Daga 15 ga wata zuwa 19 hankalin kowa na kan titi, ranar 19 kuwa hutu ce ta hukuma.

Ƙarfe 2 na rana ina kusa da dandalin majalisar birni sai ƙasa ta ɗauki rawa. Wallahi na ɗauka hari aka kawo, har na fara salati ina neman inda zan fake. Ashe mascletà ce, wasan albarushi da ake yi kullum a wannan dandali tun daga 1 ga Maris. Ba don ido ake yinsa ba, don kunne da ƙirji ne: ƙarar na hawa a hankali, sannan a ƙarshe a sake ta gaba ɗaya har ka ji haƙarƙarinka na amsawa. Wani ɗan'uwa Bahaushen Kumasi da ke aikin gonar lemo a yankin shi ya riƙe ni, ya ce, "Alhaji, kada ka toshe kunne, buɗe baki za ka yi." Allah ya saka masa da alheri, shi ya zama jagorana. Da sassafe ma ba barci, 'yan unguwa ke zagayawa da masu busa da albarushi suna tada mutane.

Tunda dillali ya zaunar da ni ba aiki, sai na zagaya. Ƙungiyoyin unguwanni sama da 300 ne, kowace ta kafa nata mutum-mutumi a mararraba, babba ɗaya da na yara ɗaya. Wasu sun kai tsayin bene mai hawa da yawa, an yi su da katako da kwali da soso, an yi musu fenti, akasari ana zolayar 'yan siyasa da halayen mutane. Ana danganta asalin abin da kafintocin da, waɗanda ke ƙona tarkacen katako a jajibirin ranar waliyyinsu Yusufu. UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya a 2016. Ranakun 17 da 18 jerin gwano ne na kai furanni dandalin da ke kusa da babban cocinsu. Wannan ibadarsu ce, ban tsaya ba, amma ka sani hanyoyi na ƙara toshewa.

Daren 19 aka cinna wa komai wuta, aka fara da na yara, aka ƙare da na dandalin majalisa, 'yan kwana-kwana na fesa ruwa a jikin gidaje don kada su kama. Aikin shekara guda ya zama toka. Da farko almubazzaranci kawai na gani. Amma idon ɗan kasuwa bai bar ni a nan ba: masassaƙa, masu fenti, teloli masu ɗinka tufafin alharini, makaɗa, masu furanni, masu tuyar fanken kabewa a kowace kwana, duk a wannan wuta suke ci. Da ba a ƙonawa, da ba a sake ba su aiki baɗi.

Ribar da na samu ta gaske a Mercat Central ce, babbar kasuwar da aka buɗe a 1928, ginin ƙarfe da gilashi mai ƙubba. Ka je da safe, don da ƙarfe 3 na rana an tashi, kuma ba ta ci ranar Lahadi. Naman alade na rataye ko'ina, saboda haka na tsaya kan kifi da 'ya'yan itace; naman halal sai unguwar Ruzafa. A nan na ga aya a ƙananan leda, an zaɓe ta, girmanta ɗaya, ta bushe ƙayau, ba tsakuwa ba ƙasa. Na ɗauko tawa daga jaka na gwada, na gane inda kuɗinmu ke zubewa: a wajen tsinta da shanya.

Sai bayan an share toka ofis ya buɗe. Kafin nan lokacin tikitina ya wuce, na biya kuɗin canji, na ƙara kuɗin ɗaki, abin da na ware na cinikin farko ya tafi a banza. Mutumin kamfanin ya karɓe ni da mutunci, ya duba samfur, ya nemi a ƙara tacewa kafin a yi maganar farashi. Sannan ya tambaye ni cikin mamaki wanda ya ba ni shawarar zuwa a makon Fallas. Na faɗa masa. Daga ranar kai tsaye muke magana da shi, dillalin kuwa ban sake ɗaukar wayarsa ba.