Fiffiken rokar da ya ɓace mana

Wani ɗan'uwana da ke Faransa ya aiko mini da ƙaramar roka ta haɗawa, ƙirar kamfanin Estes na Amurka, don in nuna wa ɗalibaina a nan Maraɗi. Bututun kwali ne, da hancin roba, da laimar sauka, da fukafukai 3 na katakon balsa. Muka baje su a kan tebur, iskar hunturu ta shigo ta taga, da muka zo mannawa sai muka tarar saura biyu. Mun share ajin kaf, babu shi babu alamarsa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, don balsa ba itacen ƙasarmu ba ne, asalinsa daga Kudancin Amurka yake, kuma ƙasar Ekwado ce ke fitar da mafi yawansa. Wata yarinya ta ce, "Mushe (wato malam), me zai hana mu manna biyun kawai?" Na ce ba zai yiwu ba. Ta ce don me? Nan na gane takardar umarni kawai nake bi, ban san aikin fiffiken ba.

Washegari na kai ɗaya wurin wani dattijon kafinta kusa da babbar kasuwa. Ya ɗora shi a tafin hannu, ya ɗaga shi ga haske, ya ce, "Malam, wanda ya yanka wannan ya san katako. Dubi jijiyar, bakin gaba ta bi. Da ta bi gindin da za a manna, da farce ma za ka ɓalle shi." Kwana biyu abin yana hannuna ban lura ba. Na ce, "Baba, a yi mini guda ɗaya." Ya girgiza kai, ya ce uku zai yi daga falanki ɗaya, don kada wani gefe ya fi wani nauyi. Ya kankare su har suka yi siriri, duk da haka sun fi balsa nauyi nesa.

Wannan nauyin ne ya zaunar da ni karatu. Roka tana miƙewa ne idan tsakiyar nauyinta tana gaban inda iska ke tura ta, da tazarar da ta kai aƙalla faɗin bututun. Fukafukai suna jan wurin da iska ke turawa zuwa baya, kamar gashin da wasu maharba ke sa wa gindin kibiya. Namu kuwa sun jawo nauyi baya, sun cinye tazarar.

Muka cusa tsumma daidai nauyin injin a mazauninsa, muka ɗaura zare a inda rokar ke daidaita bisa yatsa, wani yaro ya wulwula ta a filin lakwal. Ta yi ta tangaɗi, har ta juya gindi gaba. Muka danna ƙaramin noti da danƙo cikin hancin, muka matsar da zaren gaba, ya sake wulwulawa. Hancin ya kama hanya bai kauce ba. Yarinyar nan ce ta fara tafa hannu, kuma ita ta bayyana wa sauran dalilin.

Injin bai iso ba tukuna, tunda albarushi ne a cikinsa, ba a yarda a saka shi a kayan fasinjan jirgi. Rokar tana kan kabad ɗin aji, da zaren a ɗaure.