Abin da ɓawon inabi ya koya mini a ajin noma

Cikin duk itatuwan marmarin da muka karanta a sashen noma na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, inabi ne ya fi zauna mini a rai, ko da yake ba shukar ƙasarmu ba ce. Irin da muka fi daɗewa a kansa shi ne Cabernet Sauvignon, wanda akasari giya ake yi da shi. Ni ba na sha, addinina ya hana. Amma mai koyon noma dole ya san daga ina ɗan itace ke samo halinsa.

Asalinsa yankin Bordo ne, a kudu maso yammacin Faransa. A 1997 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka wallafa cewa barbarar iri biyu ce ta haife shi: Cabernet Franc baƙi da Sauvignon Blanc fari. 'Ya'yansa ƙanana ne, baƙaƙe wuluk, masu kaurin ɓawo da ƙwallaye a ciki. Da za a kasa shi a tire a kasuwar Maradi, mai saye zai wuce shi ya nufi manyan nan masu zaƙi.

Malaminmu ya sa muka ɓare baƙin inabin kasuwa da farce. Tsokar ciki fara ce sol, launin duk yana jikin ɓawon. Ya ce mu tauna ɓawon da ƙwallon kaɗai. Nan take harshe ya bushe, dasashi ya ɗaure. Wannan baurin sinadarin tanin ne, dangin wanda ke cikin bagaruwar da majemanmu ke jeme fatar jar akuya da ita. Yadda yake kama fata, haka yake kama miyau. A Cabernet Sauvignon tanin ɗin ya fi yawa, shi ke ba giyarsa nauyi a baki, shi ke sa ta yi shekaru a ajiye ba ta lalace ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne batun ruwa. A Medok, wani sashe na yankin Bordo, kan tsakuwa ake shuka shi, inda ruwa ba ya kwanciya. Ƙishirwa daidai gwargwado na sa 'ya'yan su tsaya ƙanana, ɗanɗanon ya taru wuri guda. Ga shi ba ya nuna da wuri. In an yi gaggawar tsinka, ƙamshin ɗanyen tattasai yake yi, don sinadari ɗaya ne a cikinsu. In zafi ya yi yawa kuma, zaƙi ya rinjayi tsami.

Mu nan mun saba auna amfanin gona da buhu da kwando, kuma ban ga laifin manomi ba, da shi yake ci da gida. Sai dai yanzu in na je fadamun Jiratawa aikin gwaji, nakan yanka tumatir in ɗanɗana, in tambayi mai gonar: "Baba, yaushe rabonka da ban ruwa?" Amsarsa nake rubutawa kafin in ɗora kwandon a ma'auni.