Aikin Tsakuwar Dogo a Jamus da Maganar da Aka Kai wa Mahaifina

Ni ɗan Sakkwato ne, haihuwar Mabera, kuma kowa ya san cewa jirgin ƙasa bai taɓa shiga garinmu ba. Layin dogon da Turawa suka janyo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, kuma daga nan bai ƙara taku ɗaya ba har yau. Saboda haka ba na ganin laifin mutanen gida idan suka kasa gane irin aikin da nake yi a Jamus tun da na zo na sami gurbi a wani kamfanin gyaran layin dogo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka ɗauki wannan aikin aka kai shi majalisar mahaifina a matsayin abin kunya.

Duk wanda ya kalli layin dogo zai ga ƙarafa biyu a kwance a kan gumagumai na kankare, su kuma gumaguman suna zaune cikin dakakken dutse. Wannan tsakuwar ce take ɗauke da nauyin jirgi, ita take riƙe layin kada ya goce, kuma ta cikinta ruwan sama yake tsiyayewa. A nan girman kowane dutse yakan kama daga milimita 31.5 zuwa 63, kaurin shimfiɗar kuwa a ƙarƙashin gumaguman yakan kai santimita 30 a manyan layuka. Da shekaru suka yi nisa, nauyin jirage yakan niƙe bakin duwatsun su zama gari, laka ta taso daga ƙasa, ƙura da ganyaye su cike ƙofofin da ke tsakaninsu. Daga nan ruwa ya daina wucewa, wurin ya yi laushi, har ka ga farar laka tana tsartuwa daga gefen gungume duk lokacin da jirgi ya taka. Idan aka bar shi haka layin zai lotsa, dole a rage wa jirage gudu, kuma rayukan mutane na iya shiga haɗari.

Injin da nake aiki a kansa shi ne mai tace wannan tsakuwa, ƙirar kamfanin Plasser & Theurer da ke da masana'anta a birnin Linz na ƙasar Ostiriya. Shi kansa jirgi ne mai tafiya a kan layin da yake gyarawa. Kafin a fara, sai an haƙa rami a ƙarƙashin layin, a zura wani ƙaton ƙarfe daga wannan gefe zuwa wancan, a haɗa sarƙa mai haƙora wadda za ta riƙa zagayawa ta cikinsa. Injin yakan ɗan ɗaga layin sama, sarƙar ta yi ta yago tsakuwa daga ƙasa tana hawa da ita zuwa wasu manyan rariyoyi masu girgiza, tamkar yadda Inna take tankaɗen gari, sai dai a nan tsakin ake so, garin kuwa shi ne abin zubarwa. Duwatsun da suka rage da girmansu su koma ƙarƙashin layin nan take, dattin kuma ya bi bel zuwa taragun da aka jera don kwashe shi. A bayanmu akwai injin da ke cusa tsakuwar ƙarƙashin gumagumai yana daidaita layin, bayan an ƙaro sabon dutse a madadin wanda aka zubar. A awa guda ba ma wuce 'yan ɗaruruwan mitoci, amma aiki ne wanda da hannu za a yi shi sai an tara ɗimbin mutane na kwana da kwanaki.

Wurina yana gefen sarƙar ne, inda ƙara ta fi tsanani. Ina sanye da kaya masu launin ruwan lemu da ƙyalli, da abin toshe kunne, da abin rufe hanci saboda ƙurar dutse tana lalata huhu. Idona yana kan zurfin yankan da kuma abin da sarƙar za ta ci karo da shi, domin a ƙarƙashin tsohon layi akwai wayoyin sigina, da guntayen kankare da aka binne tun kafin a haife ni. Wani dare sarƙar ta kama wani tsohon tushen ginshiƙi, na ji sautinta ya canja tun kafin na'ura ta nuna komai, na danna maɓallin tsayarwa. Da aka haska fitila aka ga abin, shugaban ayarinmu, dattijon da ba ya yawan magana, ya dafa kafaɗata ya gyaɗa kai. A daren nan na ji ni mutum ne a ƙasar nan. Sau da yawa kuma layin da ke kusa da mu a buɗe yake, sai ƙahon gargaɗi ya yi kuka kowa ya matsa, jirgi ya wuce da iskar da ke neman ture mutum.

Cikin wannan farin ciki ne na ɗauki hoton bidiyo na aika wa ƙanena ta WhatsApp. Shi ma da alfahari ya tura wa abokansa, har ya isa hannun baffan yarinyar da iyayena suka nema mini aure. Bayan sallar La'asar, a gaban dattawan unguwa, mutumin nan ya ce ashe wanda ake cewa injiniya ne a Turai leburan titi ne mai kwasar tsakuwa cikin dare, kuma shi bai ga dalilin da za a kai 'yarsu wata uwa duniya saboda mai wankin dutse ba. Mahaifina yana zaune a wurin, bai ce uffan ba.

Da daddare ya kira ni. Bayan mun gaisa na tambayi jikin Inna, sai ya ce, "Wai gaskiya na, tsakuwa ka ka kwasa can ƙasar Turawa?" Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, gaskiya ne aikina a kan tsakuwa yake, amma da inji ake yi, kuma sai da na yi karatu na ci jarrabawa da harshensu kafin a bar ni in tsaya kusa da shi." Ya yi shiru, sannan ya ce in dai halal ne Allah ya yi albarka, ya kashe waya. Na san muryar mahaifina, kuma na san an taɓa masa mutunci a inda ba zai iya ramawa ba.

Wannan magana ta fi sanyin Janairu damuna. Na bar gida da takardar difloma ta kanikanci, na koyi Jamusanci da girmana, ina sallar Asuba a bayan motar ma'aikata a kan kwali, ina komawa ɗakin da babu mai yi mini sannu da zuwa. Ranar Juma'a kaɗai nake jin Hausa a baki da baki, wurin wasu 'yan'uwa mutanen Nijar da muke haɗuwa a masallaci, sauran kwanakin kuwa sai ta waya. Duk na jure wannan ban kai ƙara ga kowa ba. Amma a ce gumin da ke biyan kuɗin maganin Inna da kuɗin makarantar ƙannena shi ne abin da za a yi wa tsohona gori da shi, wannan ban iya haɗiye shi ba har yanzu.

Jamusawa ba su raina aikin dogo. A 2024 sun rufe layin da ke tsakanin Frankfurt da Mannheim, mai tsawon kusan kilomita 70, tun daga Yuli har Disamba, domin a sabunta shi gaba ɗaya, kuma ƙasar duka ta san da zancen. Mu ma a gida an buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, ana kuma gina na Kano zuwa Maraɗi. Tsakuwar da aka zuba musu ita ma za ta tsufa ta toshe, musamman da ƙurar hunturu da ruwan damina irin namu, kuma ranar nan dole a nemi wanda ya san yadda ake tace ta. Ina fata a sami 'ya'yanmu a cikin masu wannan sani.

Mahaifina fataucin albasa ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Tun ina yaro nake ganin yadda yake kwana ba barci idan mota ta lalace da kayansa a hanyar Kudu, domin albasa ba ta jiran kanikanci, kuma akwai shekarar da ya sayar da gonarsa ta fadama saboda irin wannan asara. Shi da bakinsa ya sha gaya mana cewa kakanmu yakan kai fatun jar akuya har Gusau don a ɗora su a jirgi, kuma da dogo ya iso Sakkwato da fataken albasa ba su sha wahalar da suka sha ba. Shi ya sa nake ganin a zuciyarsa ya fi kowa sanin darajar abin da nake yi, ko da nauyin idon jama'a ya hana shi faɗa.

Inna ce ta ɗauki maganar da zafi. Yayata ta gaya mini cewa ta aika wa mahaifiyar yarinyar cewa ɗanta bai taɓa roƙon kowa ba, kuma in sun fasa su faɗa tun da wuri. Ita yarinyar ba ta canja ba, mahaifinta ma bai ce ya janye ba, sai dai an ɗage zancen sa rana zuwa bayan Babbar Sallah, wai sai na zo an gan ni. Kawuna yana ganin in aiko da kuɗi a ƙara a kayan lefe don a rufe bakin mutane, ni kuwa na ce rufin ɗakin Inna da ke yoyo ya fi gaggawa kafin ruwa ya sauka. Na riga na nemi hutu, amma da zarar sanyi ya wuce aikinmu yake tsananta, kuma shugaban ayarin ya ce ba zai iya ba ni amsa ba sai jadawalin rufe layuka ya fito.