Shekaru biyu da na ɓata a kan ɓerayen da sanyi ya ceta

A makon jiya wata ɗaliba ta kawo mini sakamakon gwajinta tana murna, ta ce, "Malam, maganin ya kare ƙodar." Ta ba ɓeraye wani sinadari mai tayar da enzayim ɗin da ake kira Akt, ta matse jijiyar ƙodarsu na minti 25, ta saki, washegari kuma ta tarar kiriyatinin ɗin jininsu, wato dattin da ke taruwa a jini idan ƙoda ta gaza, bai hau kamar na sauran ba. Da na tambaye ta zafin jikin kowane ɓera lokacin tiyatar, sai ta yi shiru, shirun da ni ma na taɓa yin irinsa.

Ƙoda tana karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke harbawa, amma idan jinin ya yanke, kamar a tiyatar zuciya ko dashen ƙoda, ƙwayoyin bututunta sukan galabaita, dawowar jinin kuma takan ƙara ɓarna. Tun 1986, lokacin da Murry da Jennings da Reimer suka nuna a zuciyar karnuka cewa yanke jini na minti biyar sau huɗu yana rage illar dogon yankewa da ke biyo baya, aka shiga neman abin da ke isar da wannan gargaɗi a cikin ƙwayar halitta. Hankali ya koma kan enzayim masu liƙa fosfet a jikin furotin, irin su Akt da ERK, waɗanda ke hana ƙwaya kashe kanta.

Ni ma na bi sahu da zumuɗi, sakamakona ya yi kyau har na gabatar da shi a gaban manya. Sai bayan shekaru biyu, da wani abokin aiki ya kasa samun irinsa, na gano cewa ɓerayen da nake ba magani su nake fara yi wa tiyata da sassafe, kafin shimfiɗar ɗumama jiki ta ɗauki zafi. Jikinsu kan yi sanyi, sanyi kuwa yana rage buƙatar oksijin, shi ya sa ake ajiye ƙodar dashe cikin ƙanƙara. Nakan gaya wa kaina cewa babu wanda ya koya mini, kuma kayan aikinmu kaɗan ne, duk gaskiya ne. Amma akwai ɓeraye biyu da na yi wa tiyata da rana, maganin bai kare su ba, na cire su daga lissafi da sunan tiyatar ce ta ɓaci. Ban yi nufin ƙarya ba, Allah ne shaida, sai dai na ga alama na kau da kai domin ina son amsar.

Manya ma sun sha irin wannan kaye. A 2015 manyan gwaje-gwaje biyu, ERICCA a Birtaniya mai marasa lafiya sama da 1,600 da RIPHeart a Jamus mai kusan 1,400, sun gwada matse dantse don yanke jininsa na ɗan lokaci kafin tiyatar zuciya, ko hakan zai kare zuciya da ƙoda, ba su ga kariyar da aka sa rai ba. Wannan ba ya wanke ni, domin su sun faɗi abin da suka gani.

Ɗalibai, na yi niyyar rubuta muku dogon jerin shawarwari, amma abin kaɗan ne. Ku auna zafin jikin kowace dabba, ku riƙe shi kusa da digiri 37, kuma kada mai tiyata ya san wadda ta sha magani. Ku daina aiki da samarin ɓeraye kaɗai, domin matan sun fi jure wannan rauni, masu kamuwa a asibiti kuwa yawancinsu manya ne masu ciwon suga ko hawan jini. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda kuke gaggawar yaɗa hoton sakamako a waya tun kafin ku rubuta shi a littafin gwaji, kuma ba ku son karanta sashen hanyar aiki na kowace takarda. Kada ku sanar da komai sai wani ya maimaita shi da hannunsa. Amma kada ku ɓoye shi kamar ni, da kunya ta sa na yi shekaru ban sake taɓa Akt ba, alhali mai yiwuwa kariyar tana nan, gwajina ne bai iya nuna ta ba.

Ɗalibar za ta sake gwajin ranar Litinin. Ni zan sa wa kwalaben lamba, ba za ta san abin da ke ciki ba sai an gama awon jini.