Daga Gangare zuwa Mancesta: Aikin Cire Asbestos

Shekara 14 na yi ina aikin gini a Jos kafin in bar gida, kuma a tsawon wannan lokaci ba zan iya ƙirga silin asbestos da na kakkafa ko na farfasa da guduma ba, tun daga Gangare inda aka haife ni har zuwa Anguwar Rogo da Bukuru. Mai ɗakina ma'aikaciyar jinya ce, ita ta fara samun aiki a wani asibiti a Mancesta, ni da yara biyu muka bi ta bayan wata takwas. A watan Nuwamba muka sauka Ingila. Mu mutanen Jos mun saba da sanyi daidai gwargwado, saboda haka abin da ya fi damuna a makonnin farko shi ne duhu, domin wajen ƙarfe huɗu na yamma magariba ta riga ta yi, mutum ya idar da azahar bai gama hutawa ba la'asar ta shigo.

Na fara da aikin dare a wani ɗakin ajiyar kaya, ina ɗaukar kwalaye har asuba. A masallacin unguwarmu na haɗu da wani dattijo ɗan zangon Kumasi mai jin Hausa tamkar Bakano, shi ne da ya ji sana'ata ya ce mini akwai kamfanin da ke neman ma'aikatan cire asbestos daga tsofaffin gine-gine, albashin ya fi na ɗaukar kwali, amma sai an yi kwas an kuma duba lafiyar mutum. Na yi mamakin jin cewa abin da muke ɗauka a kai mu hau tsani da shi a gida, a nan sai da lasisin hukuma ake taɓa mafi haɗarinsa.

A ajin nan ne na fahimci dalili. Asbestos dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa, yana da zare-zare masu ƙarfi da wuta ba ta ci, shi ya sa aka riƙa zuba shi cikin siminti, da silin, da kwanon rufi, da abin naɗe bututun ruwan zafi. Idan aka fasa shi ko aka huda shi, zaren nan yana tashi cikin iska, ya yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsa, ba shi da wari, kuma yana iya daɗewa yana yawo a ɗaki kafin ya sauka. Wanda ya shaƙe shi ba zai ji komai ba a ranar. Zaren zai maƙale a huhu, sai bayan shekara 20, ko 30, ko fiye da haka ciwon ya bayyana, ko dai huhun ya ƙandare numfashi ya gagara, ko kansar huhu, ko wata kansa da ake kira mesoteliyoma mai kama fatar da ta lulluɓe huhu, wadda har yau ba a samo mata maganin warkewa ba. Birtaniya ta haramta shuɗi da ruwan ƙasa daga cikin nau'o'insa a 1985, ta haramta farin a 1999, amma duk da haka hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar tana ƙiyasta cewa kimanin mutum 5,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar ƙurar da suka shaƙa tun da daɗewa. Ina zaune ina sauraro, hankalina ya koma wani gida a Dilimi inda muka yanka silin da zarto a cikin rufaffen ɗaki, muka fito fari fat kamar masu niƙa, muka karkaɗe riguna muka zauna cin abinci. A daren nan ban yi barcin kirki ba.

Jarrabawa ta farko da aikin ya kawo mini ita ce gemu. Takunkumin da muke sawa yana rufe fuska baki ɗaya, yana da ɗan inji mai turo iska ta cikin mataci, kuma dole bakinsa ya manne da fata sosai. Gashi ko na kwana biyu ne yana buɗe kafar da ƙura za ta bi. Ana gwada kowa da na'ura kafin a ba shi nasa, kuma mai gwajin ya gaya mini cikin ladabi cewa ba zai iya gwada ni da gemu ba. Tun ina saurayi ban taɓa sa masa reza ba. Na kira Baba a Jos na yi masa bayani, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Ai rai amana ne, kuma larura tana da hukuncinta. Ka tsare lafiyarka ka ciyar da iyalinka da halal." Na aske da nauyin zuciya, kuma har yau abin yana taɓa ni duk ranar Juma'a.

Aikina na farko a ƙarƙashin wata tsohuwar makaranta ne kusa da Rocdel, wani gari a gefen Mancesta, a ɗakin tukunyar ɗumama gini, inda aka naɗe bututu da asbestos mai laushi, wanda ya fi na cikin siminti haɗari nesa ba kusa ba saboda yana marmashewa a hannu. Shugaban aikinmu ya ba ni labarin wata mata 'yar garin mai suna Nellie Kershaw, ma'aikaciyar masaƙar asbestos, wadda ta rasu a 1924 tana da shekara 33, kuma mutuwarta ce ta farko da likitoci suka rubuta a matsayin wadda ƙurar asbestos ta jawo. Kafin mu taɓa komai, kamfanin ya riga ya sanar da hukuma kwana 14 da suka wuce, kamar yadda doka ta tanada. Kwana biyu cur muka yi muna gina ɗaki a cikin ɗaki da katako da leda mai kauri, muna liƙe kowace mahaɗa da salatif. Daga nan aka cika shi da hayaƙin gwaji, muka zagaya ta waje da tocila muna neman inda zai ɓullo. Sai aka kunna injin da ke zuƙe iskar ciki yana tace ta, ledar ta lotsa ciki kamar cikin mai jin yunwa, alamar cewa ko da an sami ɓula, iska za ta shiga ne, ba za ta fito ba.

A Jos ana yabon magini da sauri, a nan kuwa gaggawa laifi ce. Mun soka allurai a jikin abin naɗin muna ɗura masa ruwa mai haɗe da sinadari har ya jiƙe ya yi kamar kwaɓaɓɓen gari, sannan muka riƙa ɓamɓare shi a hankali da hannu, wani na riƙe da bakin injin zuƙe ƙura dab da wurin. Ba a shigo da tsintsiya, ba a amfani da injin yanka. Kowane ɓarɓashi yana shiga jan buhun leda, a ɗaure, a goge bayansa, a sa shi cikin wani buhun mai haske. Fita ma aiki ce mai zaman kanta: a tsaftace rigar aiki da takalmi, a bi ta ƙofofin leda uku, a shiga motar wanka, a tsaya ƙarƙashin ruwa da takunkumin a fuska, sai an jiƙe sharkaf sannan a cire shi. Bayan mun gama, wani ma'aikaci mai zaman kansa ya zo ya bincika lungu da saƙo, ya auna iskar, kuma ba a yarda a kwance ledar ba sai da awon ya sauka ƙasa da zare 0.01 a kowane mililita na iska.

A cikin wannan aiki na saba da ƙasar. Abokan aikina Turawan Ingila ne da 'yan Folan da wani ɗan Jamaika, kuma da yake kowa yana duba takunkumin ɗan'uwansa kafin a shiga, aminci ya shiga tsakaninmu da wuri. Da azumi suna bar mini zagayen safe. Likita yana duba huhunmu duk shekara biyu, kuma ba na shiga gida da ko safar da na yi aiki da ita, domin an sha samun matan da suka kamu ta hanyar wankin kayan mazajensu.

Bara da rani yayana ya turo mini bidiyo ta WhatsApp yana murna, ya fara gyaran gidanmu na Gangare, za a cire tsohon silin a sa na roba. Na ga leburori biyu suna dukan silin ɗin ɗakin Inna da guduma, ƙura ta turnuƙe, 'ya'yansa suna tsaye a bakin ƙofa suna kallo. Ina cikin bas na kira shi.

"Yaya, don Allah a dakatar da aikin nan yanzu, a fitar da yaran nan."

"Lafiya? Ai silin ne kawai, kai ma ka sha cire irinsa."

"Na sha cirewa, Yaya, shi ya sa nake roƙonka."

Mun kai awa guda muna magana. Na san babu motar wanka ko injin tace iska a Gangare, saboda haka na tsaya a kan abin da zai yiwu. Aka kwashe Inna da yara zuwa gidan Kawu. Aka rufe ƙofar ɗakin da leda, aka yayyafa ruwa mai ɗan sabulu a kan ɓaraguzan da abin feshi, aka kwashe su a jiƙe, aka goge daɓe da bango da ɗanyen tsumma, tsumman ma ya shiga buhu. Na tura kuɗi aka nemo takunkumi mai lamba P3, domin na yadi irin na lokacin korona ba ya tare wannan zare. Ragowar allunan silin ɗin ɗakin kuwa, kafinta ya jiƙa su, ya zare ƙusa ɗaya bayan ɗaya ya sauko da su ɗungurungum, aka naɗe su cikin leda ninki biyu. Na nace kada a ba kowa su ya yi rumfa ko akurkin kaji, kada kuma a zuba ɓaraguzan a lungu don cike rami kamar yadda muka saba, inda mota da babur za su yi ta niƙe su yara suna shaƙa.

Sauran ɗakuna uku silin ɗinsu lafiya lau yake, babu tsagewa babu yoyo, kuma ko a Ingila shawarar hukuma ita ce a bar irin wannan a inda yake a riƙa sa masa ido. Yaya bai so ba, domin ya riga ya sayi robar. Baba ne ya raba gardamar, ya ce a shafa musu fenti a bar su, kuma kada wanda ya sake huda su don rataya fanka sai an kira ni tukuna.